Sanam: lambobin mazan jiya da littattafan da ke jiran su

Matafiyin da ya bar Yamai da sassafe ya nufi arewa maso gabas, in ya wuce Balleyara sai hanya ta bi da shi cikin Dallol Boso, tsohon kwarin nan mai faɗi wanda ruwansa ya daɗe da komawa ƙarƙashin ƙasa. Dama da hagu gonakin gero ne, da gawo da goruba, can nesa kuma jajayen duwatsu sun tokare bakin kwarin. Bayan kilomita wajen 180 ya iso Filinge, babban garin Kurfai. Daga nan sai Tukunus, inda ake kiwon shanun Azawak, sai Abala, sa'an nan hanya ta karkata gabas ta nufi Tawa. Bisa wannan hanya Sanam take.

Gari ne na manoma da makiyaya, inda Bahaushe da Buzu da Bafillace da Bazabarme ke haɗuwa ranar kasuwa, wannan ya kawo gero da wake, wancan ya koro raƙuma da awaki. Tun 2011 ƙaramar hukumar Sanam tana cikin gundumar Abala, jihar Tilaberi. Rashin tsaron da ya addabi yankin a shekarun nan ya rage baƙi, kuma baƙon da ya zo, farashin rago yake tambaya, ko labarin damina. Da wuya a sami mai tambayar abin da ke ƙasan adakar tsofaffi.

Ga shi kuwa a ƙasar Kurfai akwai gidajen da in aka ɗaga tufafin salla, aka kwance wani tsumma, sai a tarar da ƙarfe biyu ko uku masu ƙyalle, launinsu ya koɗe, tare da ɗan littafi wanda gara ta fara ci. Lambobin yabo ne na sojan Faransa. In aka tambayi masu gida, amsar ba ta wuce magana guda: kaka ya yi yaƙin Jamus, ko baba ya je Indoshin. Wane gari, wace rana, mene ne ya aikata har aka maƙala masa lambar a ƙirji, wannan duk ya bi mai ita kabari.

Yadda bariki ya shigo Kurfai

A 1857 gwamna Faidherbe ya kafa rundunar da ake kira Tirailleurs sénégalais. Sunan Senegal ya bi ta har ƙarshe, amma mutanenta daga ko'ina cikin Afirka ta Yamma aka ɗebo su. A yaƙin 1914 zuwa 1918 an kwashi kusan mutum 200.000, kuma wajen 30.000 ba su dawo ba. Daga 1919 ɗibar soja ta zama doka ta kowace shekara: kwamanda ya yanka wa kowane sarki adadinsa, likita ya duba samari, a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa kansa ya yi shekara uku. Masu hali sukan ɓoye ɗiyansu su miƙa na talaka ko na bawa, wasu samarin kuma su tsallaka ƙasar Ingilishi har ƙura ta lafa. Daga baya, da aka ga masu dawowa da albashi da fansho da jin faransanci, sai wasu suka riƙa kai kansu. Janar Seyni Kountché, ɗan Fandu a gundumar Filinge, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, ta wannan ƙofa ya shiga, ya kuma yi Indoshin da Aljeriya.

Bariki ya ratsa ƙasar nan har cikin bori. Wajen 1925, zamanin sarkin Kurfai Gado Namalaya, wata mace mai suna Shibo a garin Cikal ta fito da sababbin iskoki, waɗanda ake kira Babule ko Hauka. Wanda suka hau sai ya ƙame, ya sara, ya yi maci, a kira shi gwamna ko kapitan ko kaporal. Kwamandan Yamai ya sa aka kama su aka kulle, amma abin bai mutu ba, ya bi ƴan ci-rani har Gana, inda Jean Rouch ya ɗauke shi a fim ɗinsa Les Maîtres fous. Ƙasar da iskokinta ma suka sa kakin soja, bai kamata a ce ta manta sojojinta na jini da tsoka ba.

Abin da ƙyalle ke faɗi

Lamba tana magana ga wanda ya san harshenta, kuma da ƙyallen ake farawa. Croix de guerre, mai takubba biyu a gicciye, a watan Afrilu na 1915 aka ƙirƙiro ta. In ƙyallenta kore ne da siraran layuka ja, ta yaƙin farko ce. In ja ne da layuka kore a tsakiya, ta 1939 zuwa 1945 ce. In shuɗi ne mai haske da ja a gefe biyu, ta yaƙe-yaƙen waje ce, irin su Maroko da Indoshin. Ta Aljeriya dabam take, sunanta Croix de la Valeur militaire, an kafa ta a 1956, ƙyallenta ja da fari.

Sai a duba abin da aka soka bisa ƙyallen. Tauraron tagulla yana nufin shugaban runduna ne ya yabi sojan. Na azurfa ya fi shi, mai ruwan zinariya ya fi na azurfa, reshen ganye kuwa ya fi su duka, don daga babban janar na rundunar yaƙi yabon ya fito. Kowane tauraro da kowane reshe yana da takardarsa, wadda Faransawa ke kira citation: layi uku ko huɗu da ke faɗin rana da wuri da abin da mutumin ya yi. Médaille militaire kuma, mai ƙyalle rawaya da kore a gefe, wadda aka kafa tun 1852, ita ce mafi daraja da ƙaramin soja ko sarjan ke samu don jaruntaka ko daɗewar hidima. Akwai kuma lambobin da ba na jaruntaka ba ne, shaida ce kawai ta cewa mutum ya halarci yaƙi, kamar Croix du combattant. Wanda bai san bambancin ba, sai ya ɗaukaka ƙarama ya raina babba.

Littafin bataliya

Rabin labarin yana cikin adaka a Sanam, sauran rabin yana Vincennes, a bakin birnin Paris, inda ma'aikatar tsaron Faransa ke ajiye takardunta. Tun 1874 aka wajabta wa kowace runduna da ke fagen daga ta riƙe littafi, Journal des marches et opérations, wanda wani hafsa ke cikawa kullum: yau an tashi daga wuri kaza, an sauka wuri kaza, an ba da umurni kaza, an yi ruwa ko ƙanƙara, a ƙasan shafi kuma adadin waɗanda suka mutu, da masu rauni, da waɗanda suka ɓace. Littattafan yaƙin farko, masu lamba 26 N, tun 2008 aka ɗora hotunansu a intanet, a shafin Mémoire des hommes, kowa na iya karantawa kyauta. A can kuma ake samun katin kowane soja da aka rubuta ya mutu saboda Faransa a wannan yaƙi, fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku.

Mai bin waɗannan shafuka yana tafiya tare da bataliyar ne rana bayan rana. Zai ga an sauke ta daga jirgin ruwa a kudancin Faransa, an kai ta barikin Fréjus ta yi hunturu don sanyin arewa yana kashe baƙin soja, bazara ta yi an maida ta rami. Zai ga ranar 24 ga Oktoba 1916, da sojojin Afirka suka shiga cikin waɗanda suka ƙwato ganuwar Douaumont a Verdun. Zai ga safiyar 16 ga Afrilu 1917 a Chemin des Dames, inda aka tura su hawan tudu cikin ƙanƙara, yatsu sun sandare har ba sa iya riƙe bindiga, dubbai suka zube cikin ƴan kwanaki. Na yaƙi na biyu, waɗanda sai an je Vincennes ko an rubuta musu, suna ɗauke da labarin Yunin 1940, lokacin da Jamusawa suka ware baƙaƙen fursunoni suka harbe a Chasselay, da saukar Provence ta 15 ga Agusta 1944.

Sai dai littafin yana da nasa son kai. In hafsa ya faɗi, ana rubuta sunansa cikakke. In ƙananan sojoji ne, sau da yawa adadi kawai ake sa wa. Sunan baƙin soja yakan fito ne in an yabe shi, ko in marubucin mai haƙuri ne ya jera waɗanda aka rasa. Ke nan ƙaramin tauraron nan na tagulla shi ne ƙofar da ɗan Kurfai ya shiga tarihi da sunansa.

Suna ɗaya, lamba ɗaya

Sunan ma wani aiki ne. Magatakardan da ya rubuta shi ba ya jin Hausa, abin da kunnensa ya ba shi ya sa. Mahamadu ya koma Mamadou, Abdu ya koma Abdou ko Abdoul, sunan uba ya zama na ɗa, wani ma sunan garinsu aka laƙaba masa. Ranar haihuwa babu, sai « wajen shekara kaza ». Wurin haihuwa kuwa, tun da Filinge ta daɗe ƙarƙashin kwamandan Yamai, mai neman Sanam ko Filinge kaɗai yana iya wuce kakansa bai sani ba, don Niamey aka rubuta. A bataliya guda ana iya samun Musa goma.

Abin da ke raba su shi ne lambar soja, wato matricule, da shekarar da aka ɗauke shi, da lambar bataliyarsa. Duka ukun suna cikin ɗan littafin nan da gara ke ci. Da su ake rubuta wa cibiyar takardun sojoji ta garin Pau a nemi takardar hidimar mutum da kwafen yabonsa. Takardar hidima ta faɗi bataliya da kwanan wata, littafin bataliya kuma ya faɗi abin da ya faru a ranar. A Yamai, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa tana da rahotannin kwamandoji, inda ake ganin yadda aka yi ɗibar soja ƙasa-ƙasa. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya riƙe lambar. In ta salwanta, lambar yabon ta zama ƙarfe kawai.

Ba Kurfai kaɗai ta san irin wannan mantuwa ba. Mutanen Ailan fiye da 200.000 suka yi yaƙin farko ƙarƙashin tutar Ingila, wadda ke mulkin su a lokacin. Da suka dawo sai suka tarar ƙasarsu tana faɗan neman ƴanci, kuma bayan 1922 ba mai son jin labarin wanda ya yi wa mai mulki soja. Lambobi suka koma cikin akwati. Yawancin takardun hidimarsu ma sun ƙone a Landan da Jamus ta yi ruwan bama-bamai a 1940. Jikokinsu ne suka koma ga littattafan bataliya da ke Kew, suka haɗa su da abin da ke gida, suka fiddo sunaye ɗaya bayan ɗaya. Sai ranar 11 ga Nuwamba 1998 shugabar Ailan da sarauniyar Ingila suka tsaya tare a Messines, ƙasar Beljiyam, suka buɗe wurin tunawa da su, shekara 80 bayan an ajiye makamai.

Bashin da ya daɗe

Maganar ba ta tsaya ga tarihi ba, akwai haƙƙi a ciki. A Thiaroye, kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, sojan Faransa ya buɗe wuta bisa sojojin Afirka da suka dawo daga hannun Jamus suna neman kuɗinsu. Hukuma ta ce 35 suka mutu, masana tarihi suka ce sun fi haka nesa, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya kira abin da sunansa, kisan gilla. A Disamba 1959 wata doka ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da suka sami ƴanci, na Faransawa yana hawa, nasu yana tsaye. Wani tsohon sarjan na Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, kotun ƙoli ta harkokin mulki ta ba shi gaskiya a 2001, bayan ya riga ya rasu. Sai a Janairu 2011 aka daidaita fanshon, kuma sai wanda ya nema. A duk waɗannan matakai, mai takarda shi ke da baki. Gwauruwar da littafin mijinta ya ɓace ba ta da abin nunawa.

Waɗanda suka yi yaƙin farko duk sun kau, na biyu ma haka sai ɗai-ɗai, na Indoshin da Aljeriya kuma tsufa ya ci ƙarfinsu. Saura matansu da ɗiyansu, waɗanda suka ji labari a bakin murhu: sunan wani kapitan, sunan jirgin ruwa, tabon da ke kafaɗa. Wannan ba ya cikin littafin Vincennes, kamar yadda rana da wuri ba sa cikin adaka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aikin bai fi ƙarfin kowa ba. Ɗan kasuwar da ke zuwa Sanam sayen dabbobi da waya a aljihu, in ya sauka gidansu yana iya ɗaukar hoton kowane shafi na littafin, da lambobin gaba da baya. Malamin makaranta yana iya zama da tsohuwa ya rubuta abin da ta tuna. Magajin gari yana iya buɗe rajista guda, a sa suna da ƙauye da matricule da bataliya, ƙauye bayan ƙauye, kafin gudun hijira ya warwatsa adakokin. Yau ma wasu samari ne sanye da kaki ke tsaron hanyar Abala zuwa Sanam, wannan karo ƙarƙashin tutar ƙasarsu, kuma su ma wata rana jikokinsu za su buɗe adaka su yi tambaya.

La'asar ta yi, kasuwa ta fara watsewa, amalanke suna fita ta hanyar gonaki. A wani gida an maida tsumma an ƙulle, an mayar ƙasan adaka, an rufe. Damina na tafe, gara kuwa ba ta san Croix de guerre ba.