Gayyar Intanet: Ko Za Ta Yiwu a Ƙasar Mafara?

Jama'a, mu da muka tashi tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun ba ma bukatar a ba mu labarin watan Satumba na 2021. A watan ne hukumar sadarwa ta ƙasa ta umarci kamfanoni su rufe layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya, wai don a toshe wa 'yan bindiga kunne. Ni kaina sai da na hau mota har Sakkwato don kawai in aika da takardar makaranta guda. Mai sayar da albasa bai san farashin Legas ba, mai ɗa a Kudu bai san ko yana raye ba.

Tun daga lokacin nake tambayar kaina, shin dole ne magana tsakanin unguwa da unguwa ta bi ta hannun kamfani?

Ashe wasu sun daɗe da amsawa. A Kataloniya ta ƙasar Sifen, manoma da 'yan ƙauye suka fara guifi.net a 2004, kowa ya kafa eriya a kan rufinsa ya haɗa da ta maƙwabci. A nan gida kuwa, Gidauniyar Fantsuam ta Kafanchan ta kafa Zittnet, ta raba intanet ba tare da waya ba ga makarantu da asibitoci, da wutar hasken rana. Cibiyar CITAD ta Kano kuma ta buɗe makarantar koyar da wannan sana'a a 2021. Watau dai gayya ce, irin wadda kakanninmu ke yi a gona, sai dai maimakon fartanya, eriya da batir.

To, amma kada mu ruɗi kanmu. Irin wannan layi yakan ɗebo intanet ne daga babban kamfani, ranar da aka rufe can, nan ma ya ƙafe. Abin da zai rage shi ne na cikin gida: malamin asibitin Bakura ya yi magana da unguwarzoma, ɗalibi ya buɗe littattafan da aka adana a kwamfutar makaranta. Wannan ma, wallahi, ba ƙaramin abu ba ne.

Wani dattijo a Maradun ya ce mini, "Yaro, in kun kafa turken, wa zai hana ɗan leƙen asirin ɓarayi amfani da shi?" Tambaya ce mai nauyi. Amsata ita ce, layin da mai unguwa da liman da matasa suka san duk wanda ke kansa ya fi wuyar ɓoyewa a ciki bisa ga layin da ake sayarwa a bakin tasha.

Mu 'yan ƙasar Bakolori mun ga yadda aikin da aka sauko mana da shi daga sama, ba shawara, ya ƙare da jinin manoma a 1980. Saboda haka in za a kafa turken farko, a fara da zama a ƙofar fada, sannan a nemi ɗaliban Kwalejin Kimiyya ta Abdu Gusau da ke Mafara su hau rufi.