Izgar aro: abin da ya faru tsakanina da Baba a kara

Yau wani labari zan ba ku wanda na daɗe ina jin kunyar faɗarsa, amma gara in faɗa ko Allah ya sa wani ya amfana.

Ni dai a Sabo ta Badun aka haife ni, mahaifina kuwa harkar shanu yake yi a karar Akinyele, yana dillanci, in ya samu sarari kuma ya sayo nasa. Tun da na gama sakandare nake bin sa. Ana saura kwana goma Babbar Sallah ta 2023, lokacin ba a daɗe da cire tallafin mai ba, kuɗin tirela ya yi tashin gwauron zabo, aka sauke mana shanu daga Potiskum. A cikinsu akwai wani farin bijimi bunaji, ga tozo ga ƙirji, wanda Baba ya sa rai shi zai fitar da mu kunyar kuɗin mota. Da ya sauko sai muka ga jelarsa tsirara kamar ta ɓera. Ashe a hanya ya kwanta, sauran shanun suka tattake jelar, baƙin gashin nan na ƙarshenta duk ya tuttuge. Ƙashi lafiya lau, fata ce kawai ta ɗan ƙuje.

To kun san halin mai sayen layya. Kowa ya zo sai ya yaba, ya zagaya ta baya, ya ga jela, ya ja tsaki. Malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa dabbar da kashi ɗaya cikin uku na jelarta ya guntule ba ta yin layya. Namu gashi ne kaɗai ya tafi, jelar tana nan cikakkiya, amma wa zai tsaya ka yi masa wannan bayani alhali ga shanu birjik a kara? Kwana uku ana tayi ana karya mana farashi.

A dare na uku ina kwance ina latsa waya, sai na tuna wasu bidiyoyi da na taɓa kallo a YouTube na gasar nuna shanu a Amurka. Su can abin ba wasa ba ne. Akwai wadda ake yi a birnin Denver tun 1906, akwai kuma ta shanun madara a Madison, jihar Wisconsin, wadda aka fara a 1967. Saniya ake yi wa wanka da sabulu, a busar da ita da na'ura, a yi mata aski, a taje gashi a fesa masa wani abu mai danƙo don ya tsaya, sannan a ja ta gaban alƙali. Yara 'yan makaranta ma suna da nasu rukunin. Su ma shanunsu sukan rasa gashin jela: ko maruƙa su tauna, ko ya maƙale a waya, ko kashi ya dunƙule a jiki ya tsinke shi. Akwai kuma wata ciyawa da suke kira fescue, wadda wani lokaci takan ɗauki guba mai tsuke jijiyoyin jini, har ƙarshen jela ya bushe ya faɗi. In fata ba ta mutu ba gashin yakan sake fitowa, sai dai yana ɗaukar watanni, ranar gasa kuwa ba ta jiran kowa. Don haka sai su sayi izgar aro, ta gashin gaske ko na roba, daidai da launin saniyar, su ɗaura a ƙarshen jela da gam da salatif, su taje ta har ta saje. An gama gasa su wanke gam ɗin su cire.

Na ce a raina, ashe ma abin Turawa na yi, mu ne muke zaune. Washegari na je wajen mahauta na samo jelar wani baƙin sa da aka yanka, na yanke gashin, na sayi supa gulu da baƙin zare irin na masu kitso. Bayan isha'i ni da wani yaronmu muka riƙe bijimin, na yi aikina da fitilar waya. Wallahi da gari ya waye ni kaina sai da na yaba wa kaina. Bijimi na kaɗa jela yana korar ƙuda kamar da ita aka haife shi.

Baba ya iso da hantsi. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, bai ce uffan ba. Can ya kama jelar ya shafa da yatsa, ya ji taurin gam. Ya ce, "Aikin wane ne wannan?"

Na ce, "Ni ne, Baba. A Amurka ma haka suke yi, kuma dokar gasarsu ta yarda."

Ya ce, "To madalla. Shi alƙalin nasu ya san ana yi?"

Na ce ya sani, a rubuce yake. Gaskiya na faɗa, don ƙa'idar da ƙungiyar masu shanun madara ta Amurka ta rubuta ta hana ƙara gashi a jikin saniya, amma ta keɓe izgar aro ta ce ita an yarda. A gasar shanun nama kuwa kowane wuri da dokarsa, wasu ma sun hana ƙara kowane irin gashi.

Sai Baba ya ce, "Shi kuma Alhajin da zai zo anjima da kuɗinsa, a ina aka rubuta masa? Za ka faɗa masa?"

Nan bakina ya mutu. In zan faɗa masa ai da ban ɓata darena ba.

Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tuna mini hadisin mai sayar da hatsi da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa ya bar busasshen a sama. Sannan ya ce wani abu da ya fi tsaya mini a rai. Ya ce tun kafin a haife shi Hausawan Sabo suke ba mahautan Yarbawa shanu bashi, fatake kuma su bar dukiyarsu a hannun maigida su koma Arewa, babu takarda babu lauya, magana ce kawai. Ya ce, "In gam ɗin nan ya saki a gidan mutumin nan ranar Sallah, ba sunanka zai kira ba. Cewa zai yi Hausawa sun cuce shi. Kai a gida kake da za ka yi abin da za a ɗora wa kowa?"

Ni na cire izgar da hannuna, da ruwan ɗumi da man ja, kuma sai da ta taso da ɗan ɓawon ciwon da ya fara warkewa. Bijimin ya yi ta harbi. Ashe ban da mutum, dabbar ma na cuta, don supa gulu ba irin gam ɗin da Turawan ke amfani da shi ba ne.

Da la'asar wani Alhaji Bayarabe, tsohon mai saye a wurin Baba, ya zo. Baba ya kama jelar ya nuna masa tun kafin ya tambaya, ya gaya masa da Yarbanci yadda aka yi a tirela, ya ce in yana shakka ya tambayi malaminsa. Ya buga waya, aka ce masa babu laifi tunda jelar ba ta guntule ba. Ya saya, amma ya yi ragi sosai, kusan kuɗin makarantar ƙannena biyu na zango guda. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini ciwo, har yau in na tuna ina jin sa. A shekarar ba mu ci ribar kirki ba.

Tun daga nan nake auna abubuwan da muke yi a kara da tambayar nan ta Baba. Wanke rago da omo ya yi fari tas, kowa na gani, ko mai saye ya tarar da kai kana yi ba za ka ji komai ba. Amma ɗirka wa sa gishiri ko kanwa da ruwa don ciki ya cika, wa ke yin sa a gaban mai saye? Mun san masu yi, wasu 'yan uwanmu ne, kuma in abin ya fashe dukkanmu ake zagi.

Har yanzu ina kallon bidiyoyin Turawan nan, kuma suna burge ni, don sun iya kula da dabba. Izgar da na haɗa kuwa tana nan rataye a rumfarmu, Baba ya hana a yar, da ita yake korar ƙuda. In baƙo ya tambaya sai ya nuna ni ya ce, "Tambayi injiniya."

Allah ya ba mu halal ɗinmu, ya rufa mana asiri a ƙasar mutane, ya mai da mu gida lafiya. Sai wani jiƙon.