Rumbun Rana da Rangwamen da Bai Iso Kura Ba

Hausa ba ta rasa kalmomin ajiya ba. Akwai rumbu na hatsi, randa ta ruwa, taska ta kaya, asusu na kuɗi. Abin da ya zo mana sabo shi ne ajiye hasken rana, a tara shi da hantsi a ci moriyarsa bayan isha'i. Masu sayar da kayan sola sun bar wa ma'ajin sunansa na aro, batir, amma ni rumbu nake kiransa a raina. Dalili kuwa, a ƙasar Kura da Bunkure, inda na tashi, inda kuma na tattara kalmomin noman rani don kundin digirina na biyu, kusan duk maganar arziki tana komawa ne ga wanda ke da wurin ajiya.

Yankin kansa ajiya ce ta raya shi. Madatsar Tiga, wadda aka gina a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwan damina take tsarewa, a sake shi da rani ya gangaro ta babban kanal zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, ba tare da wani inji ya tura shi ba. Gwamnati ce ta gina wannan rumbu, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi, manomi kuma ya biya kuɗin ruwa. A nan kaɗai na san ana faɗar "kuɗin ruwa" a gaban malamai ba a yamutsa fuska ba. Inda babu ajiya kuwa, kowa ya san yadda kwandon tumatir ke faɗuwa warwas a Kwanar Gafan idan kaya suka yi yawa.

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, janareta ya zama abin tayarwa sai da dalili mai ƙarfi. A Oktoban 2024 kuma yawancin Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Daga nan farantan sola suka yawaita a kan rufin kwano da bakin gonaki. A gona lissafin mai sauƙi ne: lokacin da rana ke bugawa shi ne lokacin ban ruwa, don haka famfo ba ya bukatar batir. Gida ne ke da matsala. Wutar faranti tana zuwa ne sa'ad da maigida ke cikin kwamin albasa, tana kuma ɗaukewa daidai lokacin da ake nemanta: fanka a daren bazara, fitilar karatun yara, firjin da uwargida ke daskarar da zoɓo da ƙanƙarar sayarwa. Batir ne ke cike wannan giɓi, shi ne kuma ya fi komai tsada a cikin kayan, ya fi komai saurin mutuwa. Mai ruwan asid shekaru kaɗan yake yi, zafin watan Afrilu yana ƙara rage masa kwana. Na litiyam ya fi ƙarko nesa ba kusa ba, sai dai kuɗinsa a dunƙule ake nema.

Wasu ƙasashe sun sa hannu a daidai wannan gaɓa. A Amurka, dokar 2022 ta ba magidanci damar cire kashi 30 cikin ɗari na kuɗin batirin gida daga harajin da zai biya, kafin wata doka ta Yulin 2025 ta kawo ƙarshen tsarin. Jamus ta sauke harajin saye daga farantai da batura na gida tun Janairun 2023. Ostiraliya, daga 1 ga Yulin 2025, ta zaɓi a zabge kimanin kashi 30 daga farashin tun wajen saye. Afirka ta Kudu ta yi nata rangwamen a 2023, kashi 25 har zuwa rand 15,000, amma na faranti kawai, ta bar batir a waje.

Na taɓa kwatanta wa kawuna tsarin Amurka muna zaune a bakin kanal. Ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, "To kai ɗan boko, harajin da suka riga suka karɓa ne za su maido mini, ko wanda ban biya ba tukuna?" Na ce, "Kawu, daga wanda za ka biya a ƙarshen shekara ake cirewa." Ya yi murmushi ya ce, "Nawa ba ya jiran ƙarshen shekara. A shingen hanya nake biyansa, kwando-kwando."

Amsar nan ta fi bayanina zurfi, domin ta taɓo tarihin kalmar. A kunnen talakan ƙasar Kano, haraji abu ne da ake bi gida-gida ana karɓa ta hannun dagaci da mai unguwa, har gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi tare da jangali a 1979. Abin da ya maye gurbinsa shi ne rasit na kasuwa da na tasha da na hanya, da harajin kashi 7.5 da ke ɓoye cikin farashin kaya. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da kundi mai sunan manomi wanda za a buɗe a rage masa wani abu. Sabuwar dokar haraji ta 2025 ma ta yafe harajin kuɗin shiga ga wanda samunsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba. Alheri ne, amma ma'anarsa ita ce rangwame irin na Amurka ba shi da abin da zai kama a jikin mai ƙaramin ƙarfi. Shi ya sa fassarar da ake yi a labarai, "rangwamen haraji", take daidai a nahawu amma ba ta isar da komai a Bunkure. Rangwame a Hausa a bakin ciniki ake yinsa, ido da ido, kafin kuɗi ya bar aljihu.

Abin da Nijeriya ke da shi ta wata ƙofa yake bi. Hukumar samar da lantarki a karkara tana biyan kamfanoni tallafi bayan an tabbatar sun kafa kayan sola a gidaje, kuma a Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don faɗaɗa irin wannan aiki. Faranti yana shigowa ƙasar da sassaucin kwastam, batir kuwa ana biya masa. Ban raina wannan ba. Amma sassaucin da aka yi a tashar jiragen ruwa ta Legas sai ya ratsa hannun mai shigo da kaya, da babban dila, da ɗan kasuwar Sabon Gari, da faɗuwar darajar naira, kafin ya iso Kura, idan ya iso. Mai saye ba ya ganinsa a rasit, balle ya nemi haƙƙinsa. Tsoron da nake yi shi ne na karin maganar nan, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

A ganina, tsarin Ostiraliya ya fi kusa da yadda muke ciniki. A sassauta wa batir kamar yadda aka yi wa faranti, a rubuta ragin ƙarara a jikin farashi, a ɗaura shi da sharaɗin garanti, don kada kuɗin jama'a ya tafi ga tsofaffin baturan da aka wanke aka sake wa fenti. Biyan ma ya bi kalandar gona, domin manomin rani ba ɗan albashi ba ne: kuɗinsa yana zuwa ne bayan yankan shinkafa da ɗiban tumatir. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda tuni suke da sunan kowane manomi da girman gonarsa don karɓar kuɗin ruwa da yashe kanal, su ne kundin da ofishin haraji ba shi da shi. Kawuna yana cikin wannan rajista. Farantai biyu ne a kan rufinsa, kuma batirin da ke ƙarƙashinsu na tsohuwar mota ne, wanda ba ya kai fanka ƙarfe goma sha ɗaya na dare.