Bawul ɗin Keken Malam

A jikin keke babu abin da ya kai bawul ƙanƙanta, amma in ya yi gardama keken ba ya zuwa ko'ina. Shi ke barin iska ta shiga tif, shi ke hana ta fita. A kan wannan ɗan ƙarfe da bai kai tsawon yatsa ba muka kwashe mako biyu muna ja-in-ja a gidanmu da ke Daura, mu biyar 'ya'yan mutum ɗaya.

Keken na mahaifinmu ne, Allah Ya jiƙansa. Baƙin Raleigh ne, wanda ake kira Rali, mai taya inci 28 da birkin sanda, da tambarin zalɓe a goshinsa. Malam ya saye shi a 1975 da kuɗin Udoji, lokacin yana koyarwa a firamare. A kansa ya yi koyarwa a ƙauyukan Sandamu da Zango, a kansa yake zuwa kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, kuma dukanmu mun zauna a kariyarsa. Asalin kamfanin na Nottingham ne a Ingila, daga baya aka riƙa harhaɗa kekunansa a Kano. Bayan rasuwar Malam keken ya shekara tara a jingine a zaure, tayoyin suka tsattsage, kunama ta yi gida a ƙarƙashin sirdin.

Abin da ya tayar da maganarsa shi ne ɗan 'yar uwarmu maraya ya sami gurbi a sakandare, tsakanin gidansu da makarantar akwai tafiya, kuma kuɗin mashin kullum ya fi ƙarfin uwarsa. Inna ta ce a gyara masa keken kakansa. Kowa ya amince. Da aka zo kan yadda za a gyara ne baki ya rabu.

Bawul ɗin keke iri uku ne. Akwai siririn nan na Faransa, Presta, na kekunan tsere, wanda ba ya cikin lissafinmu. Akwai na mota da mashin, Schrader, mai 'yar allura da sifirin a ciki, wanda aka yi wa rajista a Amurka a 1893. Sai tsohon na Ingila, Dunlop, wanda Rali yake zuwa da shi: ɗan bututu ne mai huda a gefe, an sa masa 'yar roba kamar riga. In an buga famfo iska ta ɗaga robar ta shige, in an daina robar ta koma ta toshe hudar. Ramin da ke jikin wili yana karɓar na Dunlop, yana kuma karɓar na mota, saboda haka zaɓi ya rage namu.

Yayanmu babba ya tsaya a kan sai na asali. A ganinsa duk abin da aka canza a jikin keken an rage wani abu ne na Malam. Ƙanenmu direba ya ce, "Yaya, yaro zai hau shi, ba bango za mu rataya shi ba. Kowane mai faci daga nan har Kongolam bakin injinsa na bawul ɗin mota ne." Dukansu suna da gaskiya. Zafin bazara yana cinye robar tsohon bawul, ka kwana da iska ka tashi babu.

Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun san irin wannan gardama. Akan kawo mana tsohon tsari da ya shekara ashirin yana aiki a ce mu sabunta shi, kuma abu na farko da muke yi shi ne tambayar dalilin kowane ɓangare kafin mu taɓa shi. Sau da yawa abin da ya yi kama da tsohon yayi shi ne yake riƙe da sauran.

A wajen bincike muka tarar akwai waɗanda gardamar bawul ta fi tamu zafi: masu tara tsofaffin tukwanen iska na nutso a teku. Tun da Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iska a ƙarƙashin ruwa a Faransa a 1943, an yi bawul iri-iri. Akwai wanda ake kira J, mai ɓoye ragowar iska: in numfashi ya fara nauyi, sai mai nutso ya ja wata sanda, iskar ajiya ta buɗe ya samu ya taso. Akwai K, wanda buɗewa da rufewa kawai ya sani. Da agogon awon iska ya yaɗu sai aka bar J, domin ana iya bugun sandar ba a sani ba, mutum ya ja ta a ƙasan teku ya tarar ajiyar ta riga ta ƙare. Masu tara kayan suna neman J don tukunyar ta dace da zamaninta, amma mai hankali a cikinsu ba ya shiga ruwa sai an canza robobin ciki, an kuma gwada ƙarfin tukunyar, wanda a Amurka duk shekara biyar ake yi. Wani abin sha'awa, August Schrader, wanda bawul ɗin mota ya ci sunan gidansa, kayan masu nutso yake ƙerawa kafin a zo kan taya.

Daga nan muka sami ma'auni. Duk abin da ran yaron ya rataya a kansa, sabo za a sa: taya, tif, robar birki, da sarƙa. Abin da ba ya cutar da kowa a bar shi yadda Malam ya bar shi, har da ƙararrawar da ta dushe da lotsawar da ke jikin kariya. Saura bawul, wanda ya ƙi faɗawa kowane ɓangare.

Wani dattijo mai gyaran keke a bakin kasuwa ne ya raba gardamar. Ya juya keken, ya zare famfon hannun da ke maƙale a jikinsa tun zamanin Malam, ya buga sau biyu ya ji iska a tafinsa. Ya ce, "Samari, wannan famfon da tsohon bawul aka yi shi. In kun sa na mota kun kashe shi, yaro kuma sai ya nemi mai inji, mai inji sai ya nemi fetur." Muka ce, "To Baba, robar da ke ruɓewa fa?" Ya buɗe wani gwangwani ya nuna mana siririyar roba a naɗe, ya ce a yanka wa yaron guntaye ya sa a aljihun jaka. Har yanzu ana kawo tif mai irin wannan bawul daga Indiya da Sin, saboda kekunan Hero da Phoenix.

Haka aka yi, sabon tif mai tsohon samfurin bawul. Yaya ya sami abin da yake so, ƙanenmu kuma ya yarda, don ya ga yaron ba zai tsaya jiran kowa a hanya ba. Da tsohuwar zuma ake magani, in an tabbatar zuma ce.

Dattijon ya zaunar da yaron ya koya masa kwance noti, zare bututun, jiƙa sabuwar roba da yawu, da zura ta ba tare da ta yage ba. Sau uku ya sa shi ya maimaita. Ranar Litinin ya fara zuwa makaranta a kai, an sauke masa sirdin har ƙasa, ƙafarsa tana kai feda da ƙyar. Inna ta ce kafin damina biyu sai an ɗaga.