Abincin Mutum Biyu

Cikinta na wata bakwai aka kawo mini 'yar farina goyon ciki, daga Malali zuwa gidanmu a Unguwar Sarki. Ta zo da katin awo da wata takarda da likita ya ba ta. Ta ce, "Umma, sun ce sugana ya hau. Ruwan zaƙi suka ba ni na sha, aka ɗebi jinina har sau uku." Na karɓi takardar na danne ta da kwanon samira a saman kwaba, ko buɗewa ban yi ba. Na riga na yanke hukunci a raina cewa ciwon suga na tsofaffi ne, yarinya 'yar shekara ashirin da uku me ya haɗa ta da shi?

Sai na shiga ciyar da ita yadda aka ciyar da ni. Da safe koko da suga cokali uku da ƙosai, da rana fura da nono, da dare tuwon shinkafa malmala biyu. Kafin ta kwanta in haɗa mata lemon kwalba da madarar gwangwani, wai ƙarin jini. In ta ture kwano in ce, "Ba ke kaɗai kike ci ba." In ta ɗauki tsintsiya in ƙwace, in ce ta zauna ta huta.

Sau ɗaya na raka ta awo. Da ta hau sikeli, malamar asibitin ta dubi katin, ta dube ni, ta ce, "Hajiya, me kuke ba ta a gida?" Na ce abin da uwata ta ba ni na haifi bakwai lafiya. Ba ta yi mini faɗa ba, ta zaunar da ni ta yi bayani. Na yi ta gyaɗa kai, muka hau keke muka dawo, da daddare na tuƙa tuwona kamar kullum.

Kilo 19 ta ƙara kafin haihuwa, ga shi dama mai jiki ce. Da aka yi hoton ciki aka ga yaron ya yi girma, likita ya ce yana tsoron kafaɗa ta maƙale a wurin fitowa, sai tiyata. Aka ciro namiji mai kilo huɗu da rabi. 'Yan barka suna ta tubarkalla da ƙaton jariri, ni ma bakina har kunne. Ba a jima ba na ga hannayensa suna karkarwa, ya ƙi kama nono. Nas ta tsira masa allura a dunduniya, ta ce sugansa ya faɗi. Kwana uku ya yi a ɗakin jarirai ana masa ƙarin ruwa, uwarsa na kwance da ɗinki, ba ta iya zuwa wurinsa sai an riƙe ta.

A bakin ɗakin nan bayanin malamar ya dawo mini. Mabiyiya tana fitar da sinadaran da ke rage ƙarfin insulin a jikin mai ciki, sai suga ya taru a jininta. Sugan yana ratsawa ya isa ga ɗan tayi, shi kuma jikinsa ya yi ta ƙera nasa insulin ɗin yana mai da sugan kitse. Ana yanke cibiya sugan uwa ya tsaya, insulin ɗin kuwa yana nan da yawa. Wato duk kofin lemon da na miƙa mata, har da shi nake ɗura wa.

Da na koma gida ɗauko kaya na ɗaga kwanon na karanta takardar. Babu inda aka ce ta zauna da yunwa. Cewa aka yi ta rage tuwo da shinkafa, ta rarraba cin, ta yawaita wake da ganye da ƙwai da kifi, ta bar kayan zaƙi, ta ɗan taka bayan cin abinci. Gwajin da na raina kuwa shi ake yi tsakanin mako 24 da 28, da suga giram 75, kuma tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in awon suga kafin karin kumallo ya kai 5.1 to an shiga sahun masu sugan ciki. Ƙa'idar da likitocin Amurka suka fitar a 2009 ta ba mai jiki irinta ƙarin kilo 7 zuwa 11.5 ne kacal a duk tsawon cikin.

Ranar da aka sallame su na shiga ɗakinta na ajiye kunyar 'yar fari, na ce ta yafe mini. Ta ce, "Haba Umma, ai don kina so na ne." Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin gaskiya ta faɗa, kuma ita ta so bin maganar likita, nauyina ne ya hana ta.

Kunun jegonta ba suga na dama shi. Likita ya ce ta dawo gwaji bayan mako shida, domin wadda ta yi sugan ciki ta fi kusa da kamuwa da ciwon daga baya. Kwana biyu bayan arba'in na ɗauki jikana, muka tari keke, na kai ta da kaina. Da aka gama da ita na naɗe hannun rigata na ce a gwada ni ma.