Ɗigon Fetur a Kan Teburin Malam

Mu huɗu ne a kusurwa ɗaya ta ɗakin kwanan ɗalibai: ɗaya daga Kazaure, ɗaya daga Babura, ɗaya daga Roni, ɗaya daga Gwiwa. Da sunan garuruwanmu ake kiranmu a makaranta. A cikinmu babu mai mota, babu mai lasin tuƙi, amma babu wanda ba a taɓa miƙa wa galan an ce ya je ya sayo mai ba. Ɗan Kazaure yana bin motar kawunsa zuwa Kano idan an yi hutu. Ɗan Babura yana taya yayansa sayar da fetur a kwalabe a bakin titi. Ɗan Roni shi ne mai tayar da injin ban ruwa a lambun babansa, ɗan Gwiwa kuwa janaretan gidansu a hannunsa yake. Saboda haka muna ganin mun san fetur kamar yadda muka san yunwar cikinmu.

Daren Talata, 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta faɗi a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura. Mai ya malala cikin magudanar ruwa, mutane suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa, sai wuta ta tashi. Sama da mutum 150 suka rasu, da yawansu matasa ne, aka yi wa wasu kabari ɗaya. Allah ya jiƙansu da rahama.

A makon nan, bayan an kashe fitila, ɗan Gwiwa ya yi mana wata tambaya: "Tsakaninku da Allah, da a garinku ta faɗi, za ku je?" Muka yi shiru. Can ɗan Babura ya ce shi kam da ya je. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita a hukumance bai kai naira 200 ba. A watan da abin ya faru ta haura naira dubu. Jarka ɗaya mai lita 25 ta fi abin da yayansa yake samu a mako. Babu wanda ya zage shi, domin kowa ya san abin da ke ransa. Mun yi kuka da mutanen Majiya, amma a ƙasan zuciyarmu muna ganin da mu ne da mun yi sauri mun ɗiba mun gudu kafin wutar ta tashi.

Da aka dawo hutun Disamba, ɗan Roni ya zo da hannun dama a naɗe. Injin ban ruwa ne mai ya ƙare masa yana cikin bai wa albasa ruwa. Bai jira ya huce ba, ya buɗe tanki ya kafa mazurari. Kaɗan ya zuba a gefe ya gangara kan salansa. Ya ce shi bai ga ashana ba, bai ga tartsatsi ba, kawai ya ji fuu, hannun rigarsa ya kama. Allah ya taimake shi akwai ruwa a kusa, ya tsoma hannun a ciki. Har yau tabon yana nan, kuma sai da ya yi makonni uku wani ne yake rubuta masa darasi a aji.

Malaminmu na Kimiyya ya ga hannun. Bai yi faɗa ba. Washegari ya shigo da 'yan kwalabe biyu ƙanana da farar takarda. Ya sa aka buɗe tagogi, ya ɗiga ɗigo ɗaya na fetur a gefe, ɗigo ɗaya na man gas a ɗaya gefen. Kafin ya gama kiran suna, wurin fetur ya koma fari, wurin gas kuwa yana nan da maiƙonsa.

"Ina fetur ɗin ya tafi?"

"Ya bushe, Malam."

"Bai je ko'ina ba. Yana nan cikin ajin nan tare da ku. Ba ku jin warinsa?"

Ranar muka fahimci cewa abin da ke kama wuta shi ne tururin da ke tashi daga fetur. Malam ya ce ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri fetur yana fitar da tururin da zai iya kamawa, alhali man gas sai ya ɗumama ya haura digiri 50. Tururin ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Ƙasa yake bi, ya kwanta a rami, ya bi kwata, ya je ya tarar da murhun mai shayi ko guntun sigari a nesa, wutar kuma ta biyo shi har inda ya fito. Kashi biyu cikin ɗari na tururin a cikin iska ya isa. Sai ya juyo wajenmu ya ce, "Wanda yake tsaye a cikin warin fetur, a cikin wutar da ba ta kama ba tukuna yake tsaye. Saurin ƙafarsa ba zai cece shi ba."

A kwanakin ne labarin Dikko a Jihar Neja ya zo. Ranar 18 ga Janairu, 2025, wata tankar ta faɗi, mutane suka taru, fiye da 80 suka rasu. Rahotanni sun ce janaretan da aka kunna don juye man zuwa wata tankar ne ya tayar da wutar. Wata uku kacal bayan Majiya.

Malam ya tuna mana yadda bargo yake tartsatsi a cikin duhu idan muka yaye shi da hunturu. Wannan ɗan tartsatsin lantarkin da gogayya ke tarawa a jikin tufafi da roba ya isa ya kunna tururin fetur, kuma busasshiyar iskar hunturu ce ta fi haifar da shi. Shi ya sa ake sauke jarka a ƙasa kafin a zuba mata mai, bakin famfon yana taɓa bakinta. Ba a cika ta a bayan a-kori-kura ko a kan kujerar babur.

Daga nan muka rubuta wa kanmu dokoki a bangon ƙarshe na littafin Kimiyya. A kashe inji kafin a buɗe tanki, mota ce ko babur ko Adaidaita Sahu. Mai babur ya sauka, domin tankin yana tsakanin cinyoyinsa, inji mai zafi kuma yana ƙarƙashin tankin. Janareta da injin ban ruwa a bar su su huce, kuma kada a haska tanki da ashana ko aci-bal-bal. Babu sigari. Waya ta zauna a aljihu, ko don hankali ya tsaya a kan abin da ake yi. A duba famfo ya koma sifiri kafin a fara. Idan bakin famfon ya katse da kansa, tanki ya cika ke nan. Jijjiga mota don a ƙara cusa rabin lita ɓarna ce, saboda fetur yana kumbura da zafi, a ranar Afrilu sai ya tumbatso. Kada a ajiye galan a ɗakin kwana ko kusa da madafi.

Dokar da ta fi damun ɗan Babura ita ce ta zuƙar tiyo da baki, domin kullum haka suke juye mai. Malam ya ce ɗan kaɗan idan ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana jawo ciwon huhu mai tsanani. Wanda ya haɗiya kada a sa shi amai, kada a tsaya ba shi manja ko madara, a kai shi asibiti. Yanzu yayan nasa ya sayi ɗan famfon roba na matsawa da hannu.

Sai batun zaɓen mai. Da muna cewa mai ai mai ne. Ashe injin fetur fulogi ne yake kunna masa wuta, injin gas kuwa ba shi da fulogi irin wannan, matsa iska yake yi har ta yi zafin da man zai kama da kansa. Man gas yana da maiƙo, shi ne yake sa famfon man injin ya yi santsi. Idan aka zuba fetur a motar gas, ya wanke maiƙon, ƙarfe ya ci ƙarfe. Idan aka zuba gas a injin fetur, sai hayaƙi da tari, fulogi ya jiƙe, inji ya mutu. Duk wanda ya gane an yi wannan kuskure, kada ya murɗa makulli ko sau ɗaya. A tura motar gefe, a kira bakanike ya juye tankin. Karanta abin da aka rubuta a murfin tanki da jikin famfo bai kai minti ɗaya ba.

Gurɓataccen mai ma yana nan. A watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur daga Beljiyom mai ɗauke da sinadarin mitanol fiye da ƙima, motoci suka lalace, hukumar NMDPRA ta sa aka janye shi, aka yi makonni ana dogon layi. In hakan ta faru da man da ya shigo ta jirgin ruwa, ina ga wanda ya kwana a jarka a bakin hanya? A ƙauyukanmu da gidan mai yake da nisa dole a sayi na 'yan bumburutu, kuma akwai masu gaskiya a cikinsu. Ɗan Babura ya koya mana a ɗaga kwalbar a duba: ruwa ya fi fetur nauyi, a gindi yake kwanciya. In an gauraya da kananzir, ɗigo a takarda zai bar maiƙo, inji kuma ya riƙa ƙwanƙwasa. Mafi muni shi ne fetur ya shiga kananzir, domin risho ko fitila suna iya fashewa a hannun iyayenmu mata. Galan ɗin fetur daban, na kananzir daban, a rubuta suna a jikin kowanne.

In wuta ta riga ta kama, ruwa ba ya kashe wutar fetur, ɗaukar ta yake yi ya yaɗa ta. Yashi ake zubawa, ko a yi amfani da tukunyar kashe gobara. Wanda tufafinsa suka kama kada ya ruga, ya kwanta ya yi birgima. Ƙuna a sa mata ruwa mai sanyi na minti 20, ban da ƙwai, ban da man goge baki, ban da baƙin mai. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta hukumar kiyaye haɗurra 122. In tanka ta faɗi, a yi nisa, a nufi inda iska take fitowa, a ja ƙanne a tafi da su.

Sanin doka ba shi da wuya. Faɗa wa babba ne da wuya. Ranar da aka ba da hutun zango na biyu, kawun ɗan Kazaure ya ɗebe mu a motarsa tare da fasinjoji. A kan hanyar Kano zuwa Daura ya shiga gidan mai, ya bar injin yana aiki. Muka kalli juna. Ɗan Roni ya kalli tabon hannunsa.

"Kawu, don Allah a kashe motar," in ji ɗan Kazaure, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Kai yaro, tun ba a haife ka ba nake shan mai a haka. Batirin nan ya yi sanyi. In na kashe ta, kai za ka tura?"

"Za mu tura, Kawu. Mu huɗu ne."

Wata tsohuwa a kujerar baya ta ce, "Direba, ka ji maganar yaran nan. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa."

Kawu ya yi tsaki, ya murɗe makulli. Aka zuba mai, aka rufe tanki. Muka sauka da fararen kayan makarantarmu a cikin ranar nan, muka dafa bayan motar muka tura har bakin titi. Sai a karo na biyu ta tashi.