Haƙƙin Malami Tun Yana Raye

Kwanan baya muka yi jana'izar wata gyatuma a Gwaram, wadda ta biya mana Fatiha muna yara, ta reni marayu har ƙarfinta ya ƙare. Kan hanyarmu ta komawa Birnin Kudu muka tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793, ta rasu a Sakkwato a 1864. Ita ce ke naɗa jaji, ta ba ta malfa, ta tura ta karantar da matan ƙauye. Tsarabar 'Yan Taru kuwa mabukata take raba wa.

To jama'a, sauran malamanmu suna nan, tsufa ya kama su. Mu ziyarce su da abin hannu, kada mu jira ranar ta'aziyya. Allah Ya jiƙan magabata, amin.